Malafar Kaka a Tudun Geza

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakanmu ya amsa kiran da ba a ce masa dakata. Ranar wata Talata ce da hantsi, a ƙarshen bazara, bayan ya sha kunun tsamiya ya ce an cika masa ruwa. Ƙorafinsa na ƙarshe ke nan a duniya, daga shi sai kalmar shahada. Inna, matarsa, ta ce shekararsa casa'in da biyar. Gwaggo, 'yarsa, ta ce ɗari cif. Ni kuwa da na fi su sanin tarihi na ce ya girmi kukar bakin kasuwarmu da wata uku, don da bakinsa ya gaya mini ya san ta tun tana rarrafe.

Kafin azahar ƙauyenmu, da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, ya cika ya batse. An zo daga Kara, an zo daga Unguwar Tudu. Wata tsohuwa mai sayar da saiwoyi ta zo tana hawaye, wai wa zai ƙara gaya mata inda itacen tsada ya ɓuya. Wani dattijon Bafulatani ya riƙe hannuna ya ce, "Yau daji ya zama maraya." Na ce, "Daji ya huta dai, Ardo. Shekara tamanin ana tona masa asiri."

Amma waɗanda suka fi kowa jin mutuwar nan a jikinsu su ne masu haƙa kabari. Maƙabartarmu rabinta yashi ne, rabinta marmara, jan dutsen nan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa kamar an shimfiɗa shi da gayya. Shekara da shekaru, in aka yi rasuwa, Kaka ne ke zuwa da sandarsa, ya dubi abin da ya tsiro a wurin, ya ce, "Nan." Diga ba ta taɓa yin ƙara a inda ya nuna ba. To, yau mai nunin ne a kwance. Suka sara nan, diga ta yi tsalle. Suka matsa can, ta yi tartsatsin wuta. Babbansu ya share gumi ya ce, "Tsohon nan da gangan ya yi mana." Sai Ticha, maƙwabcinmu Kirista, mutumin Kudancin Kaduna da ya koyar da rabin garin nan kafin ya yi ritaya, ya matso daga gefen da yake tsaye da hularsa a hannu. Ya duba, ya sake dubawa, ya nuna wani wuri ya ce, "Ku gwada gindin sabarar can." Diga ta shige kamar cikin tuwo. Ticha ya juya baya yana goge tabarau. Ya daɗe yana gogewa.

Da a nan abin ya tsaya, da na rubuta addu'a layi uku na koma shagona. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da kunnena ya jiyo a bayan zaure ranar sadakar uku. Baffa ne, ɗan farin Kaka, yake shiryawa da masu gawayi. Da zarar an yi bakwai za su shiga Tudun Geza da gatura da injin yanka, in sun gama tarakta ta bi baya, a zuba masara. Tudun Geza kuwa shi ne ɗan dajin da ke saman gonakin gidanmu, wanda Kaka ya hana a sa wa gatari tun kafin a haifi uban kowa. Ni kuma ba ni da ta cewa. Mahaifina, ƙanen Baffa, ya riga Kaka rasuwa, saboda haka a gadon nan ko tsinken sakace ba ni da shi. Jika ne ni, jika kuwa baki kawai gare shi. Zan dawo kan bakin. Bari in fara gaya muku wanda aka rasa.

Kaka bai yi boko ba, allonsa ma bai yi nisa ba. Ƙasa ce allonsa, itatuwa su ne babbaƙu, ciyayi farfaru. Bai taɓa tambayar mutum girman gonarsa ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Me ya fito a kanta da kansa?" In ka ce sabara, ya ce yashi ne mai zurfi, ka zuba gero da gyaɗa, amma ka kai taki don cikinta ba ya ƙoshi. In ka ce kalgo, ya ce ƙasa ce mai riƙe laima, dawa za ta yi maka biyayya. In ka ce bagaruwa, ya ce laka ce, ruwa na kwana a wurin, ka shirya wankin wando kullum. Kanya da tsamiya kuma, ya ce ka duba gindinsu za ka ga tsohon suri, gara ce ta yi musu noma tun suna yara. In aka ambaci gawo sai ya ɗaga malafarsa. Yakan ce, "Gawo ne kaɗai attajirin da na sani da ke tuɓe rigarsa da damina ya shimfiɗa wa talaka, ya tsaya tsirara don kada ya tare wa hatsi rana." Amma in ka ce geza da taura, sai ya kama hannunka ya yi maka ta'aziyya.

In bai gamsu da ido ba sai ya tsuguna. Ya ɗebi ƙasa, ya murza, ya sansana, ya kai baki. In aka tara ƙasar da Kaka ya ci a rayuwarsa, ta isa a gina masallacin Juma'a har da katanga. Inna takan ce, "Shi ya sa bai taɓa yaba miyata ba. Bakin da ya saba da jigawa ina zai san daddawa?"

Ni da shi kullum cikin tsokanar juna muke, kamar kowane jika da kakansa. Ina ce masa Inna tawa ce, aro na ba shi, shi kuma yana kirana ɓarawon mata. Da na buɗe shagon takin zamani a Gwarzo sai ya ƙara mini da mai gishirin Bature. Wata damina na sayi wata gona a hanyar Kabo, na zo ina hura hanci.

Na ce, "Tsoho, na yi gonar da za ta sa ka rataye fartanya."

Ya ce, "Me ya fito a kanta?"

"Kore shar, kamar an shimfiɗa darduma."

"Ban tambaye ka launi ba, ɓarawon mata. Wane itace?"

"'Yan geza ne nan da can, sai taura biyu. Na ma sa an sare su, wuri ya yi fes."

Ya ajiye ƙoƙon furarsa a hankali, ya leƙa tsakar gida ya ce, "Ke, kawo wa mijinki ruwa. Ya sayi dutse mai hula, kuma ya cire masa hular."

Na yi dariya, na ce zamani ya wuce tsoho. Na kwashi taki daga shagona na antaya wa gonar nan har ta fara ƙamshin kanti. Shekarar farko masara ta kawo mini gwiwa ta tsaya tana kallona. Shekara ta biyu ruwa ya kwashe ƙasar da takin gaba ɗaya ya kai wa maƙwabcina na gangare, wanda dawarsa ta yi tsawon da sai da aka riƙa gargaɗin jiragen sama. Har yau in ya gan ni daga nesa yake tsugunawa. Shekara ta uku gonata ta fito tana ƙyalli kamar sanƙo. Yanzu matan ƙauyen ne ke shanyar barkono a kanta, suna sa mini albarka.

Ban je gidan Kaka ba wata biyu don kunya. Shi ya aiko a kira ni. Na zo na shirya shan gori, sai ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Muka hau Tudun Geza. Ya sa ni na tona da hannuna, taƙi ɗaya na tarar da dutse. Ya ce, "Ka ga baƙar ƙasar nan? Ba ƙasa ba ce ta gado. Ganyen geza ne ya tara ta, shekara kan shekara, saiwar geza ce ke riƙe da ita. Ruwan sama in ya sauka a nan sai ya yi sallama, ya zauna, ya sha inuwa, sannan ya gangara gonakinmu a hankali kamar mai ladabi. In ka sare itacen, ruwan zai zo ba sallama." Bai ƙara ko kalma ɗaya kan asarata ba a ranar. Washegari dai ya ci gaba, har ya rasu bai daina ba.

Rigimarsa mafi tsawo da Ticha ya yi ta. Lokacin Ticha yana matashi, sabon zuwa, ya kawo dashen itacen turare zai jera a bakin fadama. Kaka ya ce wannan baƙo ne mai shanye randar masu gida. Ticha ya ce, "Baba, ai littafi ya ce yana saurin girma." Kaka ya ce, "Littafin a wace gona ya yi noma?" Damina biyu ba sa ga maciji, sai dai matansu su kai wa juna gaisuwa ta kan katanga. Ana nan mahaifiyar Ticha ta zo ganinsa, Allah ya yi mata rasuwa a tsakiyar damina, hanya ta lalace, dole a binne ta a ɗan filin da 'yan cocinsu suke da shi. Mutum biyar ne duka-duka, suka haƙa wuri uku suna cin karo da marmara. Ba wanda ya aika wa Kaka. Sai ga shi da sanda da malafa. Bai yi wa kowa dogon bayani ba, ya nuna gindin wata sabara, ya karɓi diga ya yi saran farko da kansa. Tun daga ranar kowace la'asar suna tare a ƙofar gida, Ticha yana rubuta sunayen itatuwa a wani tsohon littafi, Kaka yana gyara masa. Maganar turare kuwa ba su taɓa shiryawa ba. In hira ta yi sanyi sai ɗaya ya tono ta, su ɗumama jiki.

To, ga abin mamaki. Mutumin da ya yi wa Fulani bayani, ya yi wa Ticha, ya yi wa masu haƙa kabari, ya yi wa jakunan da ke wucewa in sun tsaya, bai taɓa yi wa Baffa ba. Ɗan fari ne, akwai kunya. Ko sunansa ba ya kamawa, sai dai "wancan". Kowace safiya Baffa zai tsuguna a ƙofar ɗaki ya yi gaisuwa, Kaka ya amsa yana kallon bango. In akwai saƙo Inna ce ke ɗauka: "A gaya wa wancan kada a taɓa tudu." Shi ke nan, ba dalili. Baffa ba mugu ba ne. Dattijo ne mai shekara saba'in da gida cike da bakuna, kuma duk lokacin da ya ratsa tudun nan yana ganin ƙasa baƙa wuluk kamar kwalli tana zaman banza. A ganinsa taurin kan tsoho ne kawai, ya yi masa biyayya har ƙarshe, yanzu kuma lokaci ya yi.

Na je wa Gwaggo, tunda kasonta na gona a gangaren tudun yake. Ta ce, "Yayana ne, in na yi magana a ce gado ya raba mu tun ƙasar kabari ba ta bushe ba." Na je wa Ticha, ya ce, "Ni baƙo ne a maganar gado, ko da na shekara arba'in." Na shiga ɗakin Inna tana takaba, na zauna ina zuba ƙorafi. Ta bar ni na gama, ta ja carbinta ta ce, "Maigida, ashe ba ka da wayo. Kai ba jika ba ne? Jibi bakwai. Ga rigarsa can a rataye."

Ga wanda bai sani ba, a wajenmu in tsoho ya mutu da cikar kwana, jikoki ba kuka suke yi ranar bakwai ba. Kayansa suke sawa, su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, kuma ba mai ikon yin fushi. Ba sa tuɓewa sai 'ya'yan mamacin sun fanshi kayan da abin da jikokin suka nema. Liman ba ya son abin sosai, amma yakan samu wani abu a cikin carbinsa da zai duba har a gama.

Da safe aka yi addu'a, aka raba waina da gumba. Mutane na shirin tashi sai ga ni na fito daga zaure cikin shuɗiyar rigar nan da ta koɗe, malafa a ka, sanda a hannu, na ranƙwafa, na yi tarin nan nasa mai hawa uku. Wuri ya kaure da dariya. Na ce, "Wa ya dama kunun nan? An cika masa ruwa." Gwaggo ta yi dariya har ta koma kuka, ta sake komawa dariya. Na tsuguna a ƙofar gida na ɗebi ƙasa na kai baki. Jama'a, ban san abin da Kaka ya gani a cikinta ba, ni dai kashin awaki na ji. Sauran jikoki suka biyo ni a baya suna tari, mu wajen talatin, kamar an buɗe asibiti.

Sannan na juya wajen Baffa. Yana zaune kusa da Liman, masu gawayi uku suna can ƙarshen tabarma suna jiran a watse. Na nuna shi da sanda na ce da muryar Kaka, "Kai, wancan."

Baffa ya yi murmushi ya ce, "Na'am, Baba. Me za a ba ka ka tuɓe?"

Na ce, "Ba na cin goro, haƙora sun tafi. Sara uku nake so da hannunka a Tudun Geza."

Murmushin ya ragu. Ya dubi Liman. Liman bai ɗago daga carbi ba ya ce, "Jika ya faɗi fansarsa, Alhaji. Sai a biya."

Ai kuwa gari ya tashi. Ni a gaba ina ɗingishi, Baffa a baya da diga a kafaɗa, sai Liman, sai Ticha, sai masu gawayi, sai Fulani, sai mata daga nesa, har wani makaho ya ce a ja shi ya je ya gani. Muka ratsa gonakin gangare, muka wuce gindin gawo, muka hau. Kana shiga tudun nan zafin bazara ke sakinka. Geza ta yi rumfa, sarƙaƙiya ta riƙe gefe, taura da ƙirya sun miƙe a tsakiya, tsada ta fara 'ya'ya, kurciyoyi suka tashi fuu. Masu gawayi suna kallon ƙirya suna haɗiyar yawu.

Baffa ya ɗebi ƙasa a tafin hannu ya nuna wa jama'a ya ce, "Ku duba fa. Wannan a ce ba za ta yi masara ba?"

Na ce, "Sara dai."

Ya sara na farko, ta shige lumus. Ya dube ni. Ya sara na biyu, ta shige. Ya gyara tsayuwa ya ɗaga na uku da ƙarfin mai gaskiya. Ƙarar da digar nan ta yi, ina jin har Kabo sai da aka fito ana tambayar wa ya fasa tukunya. Baffa bai yarda ba. Ya matsa gabas ya haƙa, dutse. Ya koma yamma, dutse. Wuri biyar ya gwada, ban hana shi ba, tsoho ai ba ya gaggawa. A na ƙarshe ya zura hannu ya auna. Taƙi ɗaya.

Na gyara malafa na ba shi karatun Kaka kamar yadda aka ba ni: ganyen da ya tara ƙasar, saiwar da ke riƙe da ita, ruwan da ke sallama. Na nuna masa gangare da sanda na ce, "Ga gonarka mai gawo, ga ta ƙanwarka. In ka cire wa dutsen nan hula, ruwan farko zai kwashe hular, na biyu ya tsaga gonakin nan ya bar muku kwazazzabo. In kana neman shaida, jikana ɓarawon mata yana da gona a hanyar Kabo, je ka ga barkono." Aka fashe da dariya, har Liman.

A nan ya kamata in tsaya. Amma rigar nan tana da warin jikinsa, kuma sai na ji bakina yana faɗin abin da ban shirya ba. Na ce, "Na gaya wa Fulani, na gaya wa Ticha, na gaya wa wannan shashashan jikan. Kai kaɗai ne ban gaya wa ba, kunya ta hana ni. Ka yafe mini."

Dariya ta ɗauke. Baffa ya tsaya riƙe da diga yana kallon malafar, ba ni ba. Can sai ya jingine digar a jikin geza, ya tattara rigarsa, ya tsuguna kamar yadda yake yi kowace safiya a ƙofar ɗaki. Ya ce, "Na ji, Baba. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kai kuma tuɓe rigar nan kafin in tuna ko kai wane ne."

Masu gawayi ya ce musu su tsinci abin da ya bushe ya faɗi da kansa, ban da gatari. Babbansu ya ce, "Ba komai, Alhaji. Mun zo da injin, mun koma da waina." Da aka zo rabon gonaki, igiyar awo ta zagaye tudun ba ta hau ba, da yardar duk magada. Rigar na mayar wa Inna. Malafar kuwa Baffa ya ce in riƙe, wai kada a ce jika ya tashi a tutar babu. Tana nan a rataye a shagona, saman buhunan gishirin Bature, kuma ina jin tana hararata.

Damina ta sauka da kyau bana. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko na rufe shago na je na tsaya a gindin tudun, na ga ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin geza garau, a hankali, kamar yana neman izini. A hanyar dawowa na hango Baffa a gindin gawo shi kaɗai. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa ya kai baki. Ya yamutsa fuska ya tofar. Ya tsaya jim, sannan ya sake ɗiba. Na bi ta bayan kalgo na wuce, ban yi tari ba.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ƙasar da ya shekara tamanin yana tona wa asiri ta rufa masa nasa. Ya sa ya tarar da inuwar da ta fi ta Tudun Geza, da kunun da ba a cika wa ruwa ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya sa a samu mai nuna gindin sabara.